Yaranmu sun iya latsa waya, amma wa zai koya musu aiki da ita?



Kowace shekara idan watan Oktoba ya kama, yara suka koma lakwal, akwai maganar da ba ta ɓacewa daga bakin iyaye, ko a rumfunan Babbar Kasuwa da Katako, ko a ofisoshin ma'aikatu: wai yaran yanzu da waya aka haife su, babu abin da ba su sani ba a cikinta. Uba ya miƙa wa ɗansa mai shekara 10 salula ya ce ya gyara masa, yaro ya latsa nan ya latsa can, abu ya gyaru, sai uba ya yi murmushi ya ce ai zamaninsu ne. To, a wannan mako ina son mu zauna mu auna wannan magana, domin akwai ruɗi a cikinta, kuma ruɗin yana iya jawo mana asarar da ba za mu gane ba sai an yi nisa.

Ku ɗauki yaron nan da ake yabo, ko ma yayansa da ke shirin jarrabawar BEPC, ku ce ya rubuta takardar neman aiki a kwamfuta, ya haɗa ta da hoton takardar haihuwarsa, ya aika wa wani ofishi. Ko ku ce ya tsara muku lissafin shago na wata guda, abin da ya shigo da abin da ya fita. Ko ku kunna masa ɗaya daga cikin saƙonnin muryar nan da ke yawo a WhatsApp, ku tambaye shi wa ya yi maganar, yaushe aka yi ta, kuma ta yaya za a san gaskiya ce. Da yawa daga cikinsu a nan za su yi cirko-cirko. Laifin kuwa ba nasu ba ne, don babu wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu.

Abin da ake nufi da ƙwarewar

Abin da masu ilimin tarbiyya ke kira da Faransanci «compétence numérique», wato ƙwarewar aiki da na'urorin zamani, yana da iyaka da rassa sanannu. A shekarar 2013 Tarayyar Turai ta fitar da wani ma'auni mai suna DigComp, wanda ya kasa wannan ƙwarewa gida 5, kuma ƙasashe da dama sun ɗora nasu tsarin a kansa. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya da harshen da muka saba.

Na farko shi ne neman labari da tantance shi. Ɗan kasuwar kirki ba ya sayen buhun gero don ya ga samansa da kyau, sai ya zura hannu har ƙasa. Haka ake son yaro ya yi wa duk labarin da ya shigo masa ta waya. Na biyu shi ne hulɗa da mutane: sanin yadda ake rubuta wa babba da yadda ake rubuta wa aboki, da sanin cewa abin da ka tura ya fita daga hannunka har abada. Na uku shi ne ƙirƙira, wato yaro ya iya yin abin kansa, takarda ko jadawalin lissafi ko zane, maimakon ya ƙare a kallon abin da wasu suka yi. Na huɗu shi ne tsaro: kare lambar sirri, kare hotuna da mutunci, gane ɗan damfarar da ke bugo waya yana cewa ya turo kuɗi bisa kuskure. Na biyar shi ne warware matsala, ya san abin da zai yi idan na'ura ta ƙi, kuma ya san wace na'ura ta dace da wane aiki.

A Faransa, wadda tsarin makarantunmu ya samo asali daga nata, an daɗe da mayar da wannan abin jarrabawa. Tun shekarar 2000 suka kafa wata shaida mai suna B2i, daga baya suka maye gurbinta da Pix, wadda ɗalibai ke zama a ajin ƙarshe na kwaleji da ajin ƙarshe na lise. Ban kawo wannan don mu kwafa ba. Na kawo shi ne don a ga cewa ƙasar da kusan kowane gida ke da intanet ma ba ta yarda cewa yaro zai iya abin da kansa ba.

Idan kuka sake duba rassan nan 5, za ku lura da wani abu: aƙalla 3 daga cikinsu aikin hankali ne da karatu da tarbiyya, na'urar tana zuwa ne daga baya. Wannan shi ne ginshiƙin maganata ta yau.

Mun taɓa bin wannan hanya

Matasa da yawa ba su san cewa Nijar ta taɓa zama abin kwatance a duniya wajen shigar da na'ura cikin aji ba. A shekarar 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka buɗe telbijin ta makaranta a nan Yamai da taimakon Faransa, tun ƙasar ba ta da telbijin ta jama'a. Gwajin ya kai azuzuwa 22 da yara wajen 800. Ana watso gajerun darussa daga ɗakin shirye-shirye, a cikin aji kuma akwai mai kula da yara, wanda karatunsa bai wuce na firamare ba, aka ba shi horo na ɗan lokaci. Masana daga ƙasashen waje sun zo sun gani, sun yaba da yadda yaran ke sakin baki da Faransanci ba tare da tsoro ba.

Amma ina aka kwana? Shirin bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasa ba. Ya dogara da kuɗi da ƙwararrun waje, kuma ya tashi ne a gefe guda, ba a saƙa shi cikin sauran makarantu da malamansu ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa, telbijin ta koma ta labarai da nishaɗi. Makwabtanmu na Kodebuwa sun yi nasu mai girma a Buwake daga 1971, su ma a farkon shekarun 1980 suka rufe.

Faransa kanta ta ɗanɗana. A 1985 gwamnatin Laurent Fabius ta zuba kwamfutoci sama da 100.000 a makarantu cikin shirin «Informatique pour tous», aka yi wa malamai horo na ƴan kwanaki, cikin ƴan shekaru da yawa daga cikin na'urorin suka koma kwana a kabad. Ƙasar Peru ta raba wa yara ƙananan kwamfutoci fiye da 800.000. A 2012 bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar da binciken da ya yi a makarantun karkara 319, ya tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba. Inda abin ya yi armashi, kamar Uruguwai da ta soma shirin Ceibal a 2007, an haɗa na'urar ne da wuta da intanet da masu gyara da horon malamai na dindindin, aka kuma jure shekara da shekaru ba a saki ba. Gani ga wane, in ji masu magana, ya ishi wane tsoron Allah.

Inda muke a yau

Sanin kowa ne cewa waya ta canza rayuwar ƙasar nan tun da kamfanonin salula suka soma aiki a farkon shekarun 2000. Ɗan kasuwar hatsi da a da sai ya hau mota ya je ya ji farashi, yau daga zaune yake jin na Maraɗi da na Damagaram. Kuɗi na tafiya ta Nita da Amana da Al Izza cikin ƙiftawar ido. Hukuma ma ba ta zauna ba: a 2017 an kafa ANSI, hukumar da ke kula da harkar na'urorin zamani, a 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyuka, da wata miliyan 140 don shirin LIRE na inganta koyarwa. A watan Maris na 2025 kuma Starlink ya soma aiki a ƙasar bisa izini.

Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya game da ajin da za a kai waɗannan abubuwa. Bisa ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022, kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Mu mazauna Yamai ma mun ga yadda rayuwa ta koma lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A 2021 hukumomi da kansu sun ce akwai azuzuwan zana wajen 36.000 a faɗin ƙasa, kuma ba mu manta da gobarar unguwar Pays-Bas ta ranar 13 ga Afrilun 2021 ba, wadda ta ci yara 20, ko ta Maraɗi ta watan Nuwamba wadda ta fi ta ɓarna. Allah ya jiƙansu. A ajin da babu ƙofa, babu soket, iska da ƙura na shiga ta ko'ina, a ina za a ajiye kwamfuta?

Annobar korona ta tona mana asiri. Daga 20 ga Maris zuwa 1 ga Yunin 2020 makarantu na rufe. Ƴaƴan masu hali a wasu makarantun kuɗi sun ci gaba da karɓar darasi ta waya, ɗan talaka kuwa ya zauna gida har aka buɗe.

Amma abin da ya fi wuta da gini nauyi shi ne karatu. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a cikin yaranmu 10 da ke gama firamare, ko 1 bai cika ba wanda ya kai matakin karatun da ake bukata. A 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai wajen 3 cikin 10, kuma ya kamata a yaba wa malaman da suka yi wannan ƙoƙari. Duk da haka 7 sun rage. Yaron da bai iya karanta sakin layi ya gane ba, idan ka ba shi intanet, hotuna da muryoyi kawai zai bi, kuma a can ne ƙarya ta fi kasuwa. Su kansu malaman, yawancinsu ƴan kwantaragi ne, kuma a gwajin da ma'aikatar ilimi ta yi musu a 2017, kusan kashi 1 cikin 3 ne suka samu matsakaicin maki. Wanda ba a horar ba, ba a biya shi kan lokaci ba, ba shi ne za a ɗora wa laifi ba. Amma kuma ba za a ce ya koyar da abin da shi kansa ba a koya masa ba.

Abin da ya taɓa yin aiki a ƙasarmu

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa mu naɗe hannu har sai kowane ƙauye ya samu wuta. Akwai misali daga cikin gida da ke nuna wata hanya. A 2009 da 2010, a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, ƙungiyar CRS ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya da Hausa da Zabarmanci, wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya mai suna Jenny Aker da abokan aikinta suna bin sakamakon. A rabin ƙauyukan an ƙara abu ɗaya: an koya wa ɗalibai aiki da ƴar ƙaramar salula mai maɓallai, mutum 5 na tarayya a kan guda. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji ba su manta kamar sauran ba, domin suna rubuta saƙo, suna duba lambobi, karatun ya samu abin yi.

Gaskiya ne manya ne aka gwada, ba yaran firamare ba. Amma ku dubi abin da aka haɗa: malami yana nan, darasin da harshen da ɗalibi ke ji, na'urar mai araha ce kuma irin wadda ke cikin gari, sannan tana hidima ne ga karatu da lissafi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfinmu.

Ta ina za a soma

A ganina, a soma da malami. Duk wanda zai fito daga makarantun horas da malamai na Doso, Maraɗi, Tawa, Damagaram da sauransu, ya fito ya iya rubuta darasinsa a kwamfuta, ya iya neman bayani ya tantance shi, ya san haɗurran da ke jiran yara. Hukumar UNESCO tana da ma'aunin abin da ya kamata malami ya sani a wannan fanni tun 2008, ta sabunta shi a 2018, ba sai mun ƙirƙiro daga babu ba. Kwamfuta 30 a makarantar horas da malamai sun fi 3.000 da aka raba gaban kyamara aka tafi.

Na biyu, a gane cewa babban kaso na darasin ba ya bukatar wuta. Da alli da allo mushe zai iya rubuta wani saƙon da ke yawo a gari, ya tambayi yara: wa ya faɗa, ina hujjarsa, wa zai ci riba idan muka yarda? Da wayarsa guda zai iya nuna musu yadda ake ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa a ce jiya aka ɗauke shi a nan. Zai iya koya musu cewa lambar sirri kamar makullin sito take. Ya kuma kamata ɗaliban kwaleji da lise su san cewa akwai doka: dokar laifukan intanet ta 3 ga Yulin 2019, wadda aka yi wa gyara a Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ke iya ta da hankalin jama'a. Kowane irin ra'ayi mutum ke da shi game da wannan doka, bai dace yaro ya fara jin labarinta a gaban alƙali ba.

Na uku, harshe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kuma kundin da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To, a nuna wa yara yadda ake samun ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a waya, su rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu daidai. Al'ummar da ke magana kawai a waya ba ta rubutu, ba za ta bar wa jikokinta abin karantawa ba.

Na huɗu, idan za a sayi kaya, a saye su da lissafi irin na ɗan kasuwa. Kuɗin na'ura somin-taɓi ne. Akwai batir, akwai ɗaki mai ƙofa, akwai mai gyara, akwai kuɗin intanet na kowane wata bayan mai ba da tallafi ya koma ƙasarsu. Duk shirin da bai amsa waɗannan tambayoyi ba, telbijin ta 1964 ce za a maimaita. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙare rayuwarsa yana nuna mana amfaninta, kuma tashar Gorou Banda mai megawat 30 da ta soma aiki a 2023 shaida ce. Faranti ƴan kaɗan a kan rufin kwaleji sun isa su riƙe ɗakin kwamfuta guda.

Na biyar, a sa abin cikin jarrabawa, ko da gwaji ne mai sauƙi a matakin BEPC. Mun san halin makarantunmu: darasin da ba shi da maki, shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure. Kuma a lura da ƴan mata. A gidaje da yawa waya ta namiji ce, yarinya sai dai ta leƙa. Idan lakwal ba ta ba ta wannan ilimi ba, babu inda za ta same shi, alhali ita ce ta fi shiga haɗari idan hotonta ya faɗa hannun marar tsoron Allah.

Naku kason

Ku alhazai da hajiyoyin kasuwa, ku ne kuka fi kowa bukatar waɗannan yara. Gobe su za su riƙe muku lissafi, su yi muku odar kaya daga Dubai da Cana, su cika muku takardun duwan. Yaron shagon da ya ba ɗan damfara lambar sirri yana iya zubar da ribar wata 6 cikin minti guda. Wanda Allah ya hore wa, kamar yadda yake gina masallaci da rijiya, ya tuna da kwalejin unguwarsu: faranti da batir, ko albashin mai gyara na shekara guda, ta hannun kwamitin iyayen yara, a rubuce, a san wanda zai ba da bayani.

Ku kuma ma'aikata, musamman waɗanda takardun irin waɗannan shirye-shirye ke bi ta teburinku, kafin ku sa hannu ku nemi layin horon malamai da layin gyara a cikin kasafin. Idan babu su, ku mayar da takardar. Bikin raba kaya kwana ɗaya ne, kuma mun sha ganinsa.

Mu iyaye baki ɗaya, mu rage yabon yaro don ya iya latsawa. Mu zaunar da shi ya karanta mana saƙo da ƙarfi, ya gaya mana abin da ya fahimta, da dalilin da ya sa ya yarda ko bai yarda ba. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Waya ta riga ta shiga hannunsu, ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓi wanda zai koya musu aiki da ita: malamin da muka horar muka biya, ko kuwa duk wanda ya fara turo musu saƙo.

Allah ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.